Injin Goge Tukwanen Dalma

Talata, 20 ga Satumba, da hantsi

Yau na tashi da wata shawara da ta hana ni zama wuri ɗaya. Zan sayi injin goge tukwane.

Tun da ruwa ya shiga layin maƙera aka kwaso kayan shagon mijina, Abban Amira, aka jibge mana a ɗakin baya. Sana'arsa zubin tukwanen dalma. Shi ke narkarwa ya zuba, ƙaninsa Auta ya bi da magagari da samfefa da soson ƙarfe har tukunya ta yi haske. Ga su can tuli guda, an zuba ba a goge ba, sun yi toka-toka, ga kaushi. Kullum na shiga ɗebo gawayi sai na yi tuntuɓe da murfi.

Gugar nan da hannu yini take ci. Da inji kuwa, Auta ya sha nuna min a wayarsa, kafin ruwan shayi ya tafasa an gama tukunya guda. Yakan ce, "Matar Yaya, ranar da muka sayi wannan, a gindin tukunya za ki riƙa saka kwalli." Ni kuma in ce ya fara sayen sabulun wanke hannunsa tukuna.

Ni ba baƙuwar inji ba ce. Shekaru ina markaɗe a gidan nan, ni ke canja bel, ni ke wanke fulogi. Na goge tukunya ba zai gagare ni ba.

Na faɗa wa Abban Amira. Yana zaune inda yake zama yanzu, a bakin ƙofar ɗaki, yana kallon bango. Bai ce a'a ba.

Laraba, 21 ga Satumba, bayan azahar

Na kira Yaya Ibrahim, wana, tun da shi direba ne, kullum yana hanyar Kano. Da ya ji maganar inji ya yi dariya, sai kuma ya ce, "Radiyya, ya maigidan? Ya fara cin abinci?"

Na ce yana taɓawa.

Gaskiya tun ranar da suka tafi Auyo shi da Auta a kwalekwale ceto shinkafar da ruwa bai gama cinyewa ba, aka dawo mana da shi shi kaɗai, a jiƙe, ba takalmi, ban ga ya cinye kwano ba. Amma ba wannan na zauna rubutawa ba.

Yaya ya ce in fara zuwa wurin Malam Sunusi mai kayan aiki a kasuwa, in ga abin da ke nan Haɗeja kafin a yi zancen Kano. Gobe zan je. Har na goge hijabina.

Laraba, da la'asar

An ƙara buhunan yashi a jingar da ke tare ruwan kogi. An ce ruwan ya tsaya, bai ƙaru ba.

Alhamis, 22 ga Satumba, da yamma

Na gan shi. Shuɗi ne, gajere, mai nauyi, da dutse a kowane gefe kamar kunnuwa. Malam Sunusi ya tayar da janareto ya kunna min. Ba ya jijjiga, ba ya tari irin na injin markaɗena, sai wani ƙugi siriri mai daɗin ji. Ya kanga tsohuwar adda a jikin dutsen, tartsatsi ya yi ta zuba, nan da nan bakinta ya yi fari. Na tsaya ina murmushi ni kaɗai kamar wadda aka yi wa albishir.

Ya ce injin wasa ƙarfe ke nan, masu walda da mahauta duk shi suke saya. Ya tambaye ni na wa ne. Na ce na gidan Haris mai tukwane. Sai ya kashe janareton, ya gyara hula, ya fara, "Allah Sarki, ashe ke ce. Ya muka ji da..."

Na tari numfashinsa na ce ba a tabbatar da komai ba tukuna.

Ya ce haka ne, Allah ya bayyana. Muka koma maganar inji.

A Keke Napep ina dawowa ina ta lissafin inda zan kafa shi. Ƙarƙashin rumfa, kusa da injin markaɗe, inda iska za ta kwashe ƙura.

Juma'a, 23 ga Satumba, da magariba

Hajja, mahaifiyarsu, ta sake zuba wa Auta tuwo a kwanonsa ta rufe da faifai.

Asabar, 24 ga Satumba, da hantsi

Abban Amira ya yi magana.

Ina shara ina ta zuba masa labarin shuɗin injin, ba don ina sa ran amsa ba, na dai saba. Na ce dutse biyu ne, ɗaya mai kaushi ɗaya mai laushi. Sai na ji daga bayana, "Ba a goge dalma da dutse."

Na ajiye tsintsiya.

Ya ce, "Dalma tana da laushi. Liƙewa take a idon dutsen ta toshe shi. In ya toshe sai ya ɗau zafi, in ya ɗau zafi yana iya tarwatsewa a fuskar mutum. Na ƙarfe ne wannan. Na dalma faifan ƙyalle ake sa masa."

Rabon da in ji magana mai tsawon wannan daga bakinsa har na manta. Na zauna a kan turmi na ce to wanne zan saya. Ya ce mai dogayen hannuwa, yadda tukunya za ta samu wurin juyawa. Da na tsaya nan da ya fi. Sai bakina ya ce, "A ina ka san duk wannan, kai da ba ka son inji?"

Ya dube ni. Ya tashi ya shiga ɗaki ya saki labule.

Na san wanda ya koya masa. Ni ma a wurinsa na fara ji.

Duk da haka ya yi magana. A kan inji ya yi ta. Ashe ban yi kuskure ba.

Lahadi, 25 ga Satumba, bayan la'asar

Ranar kasuwa, amma rabin 'yan ƙauye ba su samu hanyar shigowa ba. Na koma wurin Malam Sunusi da ludayi ɗaya da ƙaramar tukunya a cikin leda, don in gani da idona.

Ya ɗan kanga ludayin a dutse. Ba tartsatsi ko ɗaya, sai ƙara mara daɗi. Da ya kashe muka duba, dutsen ya yi zane fari-fari inda dalmar ta liƙe, ludayin kuwa ya yi ƙwarzane kamar kyanwa ta yakushe shi. Ya ce, "Maigidanki ya yi gaskiya."

Sai ya kawo shawara: a cire duwatsun da murafensu, a ɗaura faifan ƙyalle. Ya ce da yawa haka suke yi, kuma ya fi sauƙi. Raina ya biya sosai, don yau ɗin nan sai in tafi da abina gida. Na ce bari mu gwada da tukunya, injin a kashe. Ina kai cikinta wurin faifan, sai kunnenta ya doki jikin injin. Na juya ta, gindinta ya doki teburi. Ƙaramar ma ke nan. Ina ga ta biki?

Ya ce ga cokula da ludaya zai yi, ga tukwane kam sai mai dogon hannu, shi kuwa sai Kano.

Na yi wa shuɗin injin kallon ƙarshe na fito. Wallahi har na ji kamar na yi masa butulci.

Talata, 27 ga Satumba, da azahar

Jiya wani ya zo da labari daga wajen Baturiya, wai masunta sun tsinci mutum a cikin ciyawar kacalla, da ransa, yana jinya a wani ƙauye. Hajja ta yafa mayafi tun kafin ya gama magana. Kawunsu ne ya hana ta, ya ce shi zai je.

Ya dawo ɗazu. Wani bawan Allah ne daga Guri.

Ba zan rubuta yadda Hajja ta yi ba.

Ta ce tun da an tsinci wannan, za a tsinci nata. Kawu ya sake kawo maganar a yi abin da ya kamata, a sanar da liman. Ta ce duk wanda ya shimfiɗa tabarmar makoki a ƙofar gidan nan ba ta yafe ba. Abban Amira yana jin su, bai ɗago kai ba.

Laraba, 28 ga Satumba, da hantsi

Yaya Ibrahim ya kira ni ta bidiyo daga cikin kasuwa a Kano. Hayaniya, hoto yana yankewa, amma na gan su. Guda biyu, dukansu da hannuwa dogaye kamar an miƙa su ana hamma.

Ɗaya babba ne, ja, mai gudun tsiya. Mai shagon ya ce shi masu gyaran ƙafafun mota ke saya. Ɗayan ruwan toka ne, bai kai shi girma ba, gudunsa rabin na jan. Yaya ya ce, "Ki ɗauki babban mana, a gama aiki da wuri."

Ni ma jan ne ya tafi da ni. Amma na ce su dakata. Na tafi da wayar har bakin ƙofar ɗaki na miƙa wa Abban Amira. Na ɗauka ba zai karɓa ba. Ya karɓa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Janaretonmu ba zai ja babban ba. Kuma mai gudu fizge abu yake daga hannu, ya ƙona fuskar dalma. Wanda zai koya, marar gudun ya fi masa."

Wanda zai koya. Wato ni.

Na ce Yaya a ɗauko ruwan tokan. A haɗo da faifan ƙyalle iri biyu, mai ɗinki mai tauri na cire kaushi, da sakakke mai laushi na fito da sheƙi. Da sabulun guga, wanda yake kamar sandar sabulu, ruwan ƙasa da fari. Da tabarau da takunkumi.

Ragon da nake kiwo ya tafi da yamma, shi ne kuɗin injin. Amira ta yi kuka. Na ce mata za ta ga abin da ya fi rago.

Alhamis, 29 ga Satumba, da walaha

Na kasa zama. Na share ƙarƙashin rumfa sau ba adadi. Na jawo bencin shago daga ɗakin baya ni da Amira, muna nishi muna dariya. Ƙafarsa ɗaya tana rawa. Na shiga kicin, da na fito na tarar an buga mata katako an daidaita. Guduma tana ajiye a gefe, shi kuma ya koma mazauninsa kamar ba shi ba.

Na ƙara masa nama a miya.

Juma'a, 30 ga Satumba, bayan masallaci

Ruwa ya yanke hanya. Yaya ya ce sai sun zagayo ta Gumel, kuma ba yau ba.

Asabar, 1 ga Oktoba, da yamma

Bai iso ba.

Lahadi, 2 ga Oktoba, da yamma

Bai iso ba. Duk ƙarar da na ji a ƙofar gida sai na leƙa. Hajja ma tana leƙawa. Mukan haɗu a zaure, kowa ta koma ciki.

Litinin, 3 ga Oktoba, da safe

Na juye bokiti a baho da ƙarfi, ban kula Abban Amira yana kusa ba. Ya zabura ya dafe bango. Yanzu a hankali nake zuba ruwa, da moɗa.

Bai iso ba. Injin nake nufi.

Laraba, 5 ga Oktoba, bayan azahar

Ya iso! Yaya da kansa ya shigo da kwalin a kafaɗa, duk taɓo ya ɓata masa wando. Na yanka igiyar da wuƙar kicin. Ƙamshin sabon ƙarfe da man inji ya cika tsakar gida. Na shafa hannuwan nan dogaye, sumul, sanyi ƙalau. Amira ta ɗora faifan ƙyalle a ka wai hula. Matan maƙwabta da suka kawo markaɗe suka kewaye shi, ana ta tambaya ko na niƙa ne.

Ina kokawa da sifana, ina neman yadda zan ɗaure shi a benci, sai inuwa ta rufe ni. Abban Amira ya ce, "Kawo." Ya huda katakon, ya ɗaure ƙusoshin huɗu tamau, ya girgiza ya ji bai motsa ba. Ya ɗaura mai tauri a dama, mai laushi a hagu. Ya ce kada in haɗa sabulu biyu a faifai ɗaya, ruwan ƙasa na mai tauri, fari na mai laushi.

Yaya ya dube ni, na dube shi. Ya ce shi zai wuce, ana jiransa a tasha. Na ga yana goge ido a zaure.

Gobe za mu kunna. Yau ba fetur.

Alhamis, 6 ga Oktoba, da la'asar

Na goge murfi. Ni, da hannuna.

Amma sai da na fara da abin kunya. Na bi murfin da samfefa yadda ya ce, na taɓa sabulu a faifai, na kai murfin sama-sama. Ban san lokacin da ya bar hannuna ba. Sai ƙara na ji, ya tashi ya doki duron ruwa, kaji suka watse, Amira ta faɗi ƙasa don dariya. Na waiwaya, na ga gefen bakin Abban Amira ya motsa. Saura kaɗan.

Ya taso ya kashe injin. Ya ce, "Ƙasan tsakiyar faifan ake kangawa, inda yake juyawa ya yi ƙasa. Kuma kada ki ba shi baki, baki yake kamawa." Sannan ya kalli mayafina ya ce, "Wannan kuma ki cire shi. In ya kama shi, da wuyanki zai tafi. Ki ɗaure kai tamau, ki sa riga mai kama jiki."

Na ɗaure, na sake gwadawa. Da farko baƙi ya yi, na tsorata, na ce na ɓata. Ya ce in ci gaba. Da na kai shi kan mai laushi sai baƙin ya fara washewa, haske ya taso daga ƙarƙashi kamar ana buɗe taga. Na ɗaga shi, rana ta doke shi ta haska bangon Hajja.

Na ce ya zo ya gwada. Ya mayar da hannuwansa baya ya ce a'a.

Fuskata baƙi ƙirin in ban da zagayen tabarau. Atamfata ta tashi daga aiki. Ban damu ba. Gobe tukunya.

Asabar, 8 ga Oktoba, da hantsi

Jiya ban iya rubutu ba. Bari in faɗe shi yadda ya faru.

Don kada in sake ɓata kaya, na buɗe buhun tsummokaran shago na zaro wata tsohuwar riga mai dogon hannu da hular sanyi, duk sun yi baƙi da dalma. Na ɗauka na Abban Amira ne. Na zura a kan kayana, na tura gashina cikin hular, na sa takunkumi, na tayar da janareto. Na ɗauki tukunya ta farko na juya wa tsakar gida baya.

Aiki yana tafiya, gefe ɗaya har ya fara ɗaukar ido, sai na ji an riƙe min hannun riga ta baya. Ta cikin ƙarar na ji muryar Hajja.

"Auta. Yaushe ka shigo?"

Na kashe injin. Faifan ya daɗe yana juyawa kafin ya tsaya. Na juyo na sauke takunkumin.

Ta dube ni. Ba ta saki rigar ba. Ta murza ƙyallen a yatsunta, ta kai hanci ta shinshina. Ta ce, "Ni na ɗinke masa wannan aljihun." Na ce, "Hajja ki yafe ni, ban sani ba." Ta ce, "Me kika yi, 'yar nan?" Ta juya ta nufi ɗakinta tana dafa bango.

Na cire rigar ina kuka, na ninke. Abban Amira ya gani duka. Ya taso ya karɓe ta daga hannuna ya rataya a kafaɗa. Ya ɗauki tukunyar da na fara, ya kunna injin da kansa.

Ya iya. Hannunsa ya fi nawa sanin tukunya, yana juya ta a hankali, haske yana bin bayan faifan. Na matso in yaba, sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Bakinsa a buɗe yake, kuka yake da iyakar ƙarfinsa, ƙarar janareto da ta inji sun rufe. Na ja Amira muka shiga kicin. Na bar shi har ya gama tukunyar, ya ɗauki wata, ya gama.

Da ya kashe, bai wanke fuska ba. Ya tafi ƙofar Hajja ya durƙusa, rigar tana hannunsa. Na ji ya ce, "Hajja, zan faɗa miki abin da na gani ranar nan. Hannunsa yana cikin nawa."

Iyakar abin da na ji ke nan. Na rufe ƙofar kicin.

Lahadi, 9 ga Oktoba, da magariba

Hajja ta aika a kira Kawu.

Juma'a, 14 ga Oktoba, bayan la'asar

An shimfiɗa tabarmi tun Litinin. Hajja ce ta ce a shimfiɗa. Gida cike, har daga Auyo an zo, waɗanda ruwa ya bari.

Ta ce abincin sadaka a sababbin tukwane za a dafa, kuma ba ta son ko ɗaya da kaushi. Muka yi kwanaki a ƙarƙashin rumfa, shi a faifan dama yana cire kaushi, yana miƙo min ina fito da sheƙi a na hagu. Yana magana yanzu, kaɗan-kaɗan. Jiya har ya ce ina danna tukunya kamar mai dambe da ita, in sassauta. Ya cinye kwanonsa. Mata suna ta zagaya murhu suna tambayar inda muka sayo tukwane, wata har ta ce a ajiye mata biyu in an share makoki.

Ɗazu liman ya zo da jama'a bayan an sauko daga masallaci, aka yi addu'a a ƙofar gida. Muna daga ciki muna amsawa. Da ya ce a yi wa Ahmed addu'a, sai na ɗan tsaya, ban gane wa ake nufi ba. Tun da na zo gidan nan amarya ban taɓa jin an kira shi da sunan ba. Hajja ce ta fara cewa amin.

Allah ya jiƙan Ahmed. Allah ya jiƙan Autanmu.